Takardar da Gwaggo Ta Sa Aka Ɗinke

Shafi na 23

Masu yi min ƙorafi cewa na bar Hajara kwance a kan benci na tafi harkata, ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta yi halinta. Masu rantsuwa cewa Gwaggo Delu ce ta yi mata asiri kuwa, Allah ya shirye ku. Wanda ya shigo yau, muna cikin kakar 1957 ne, a ɗakin shan magani na Tudun Wada, ranar kasuwa.

*

Malama Hauwa ta ja fatar idon Hajara ƙasa ta leƙa, ta girgiza kai. Ita ce ungozomar da ake turowa daga birni sau ɗaya a wata, doguwar mace mai farar riga, wadda ba ta iya tambaya a zagaye ba.

"Idonki fari fat, jikinki kuma zafi rau. Tun yaushe marar take ciwo?"

"Ta daɗe," in ji Hajara, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ji ta daɗe. Wata nawa? Shekara nawa?"

Gwaggo Delu ce ta karɓe zancen, don dama ba a yin magana a gabanta ta yi shiru. Ƙanwar mahaifin Inuwa ce, ita ta raine shi, ita kuma ta tasa shi gaba yau da asuba ya ɗora matarsa a jaki tun daga Dangora.

"Shekara huɗu ke nan, 'yar nan. Ciwon mara, jini ba ƙa'ida, ga wani ruwa da ke zubo mata. Babu saiwar da ban dafa ba."

"Ta taɓa haihuwa?"

Hajara ta juya fuska bango. Wannan tambayar ita ce ta hana ta zuwa gidan suna, ita ce ta sa take bin bayan gari in za ta rijiya.

"Sau uku," ta ce. "Biyu sun koma kafin suna. Na ukun bai zo da rai ba. Daga shi ko ɓatan wata ban ƙara yi ba, yau shekara shida."

"A gida kika haifi na ukun?"

"A'a. Lokacin Malam yana leburancin kuza a Riruwai. Kwanana uku ina naƙuda, aka sa ni a motar kamfani zuwa asibitinsu. Na fi kwana arba'in a can."

Malama Hauwa ta ajiye alƙalaminta.

"Da za a sallame ku, ba su ba ku wata takarda ba?"

Nan fa Gwaggo ta gyara zama, fuskarta ta washe. An zo wurin da ta yi abin a yaba mata.

"Sun bayar mana! Ai da ba don ni ba da tuni gara ta cinye. A ƙasan jakar Inuwa na tsince ta, ya cusa ta kamar tsumma. Na ce wannan rubutun likita ne, da shi aka tashi kafaɗun yarinyar nan, ba a wulaƙanta shi. Na kai wa Mainasara baduku ya ɗinke min ita tsaf. Ga ta nan a ƙugunta, ko wanka za ta yi ba ta cirewa."

Haka Gwaggo take. A wurinta rubutu rubutu ne, na allo ko na boko, duk mai daraja ne, kuma darajarsa ita ce a naɗe shi da zare a rufe da fata. Ba ta taɓa tunanin akwai takardar da aka rubuta don a karanta ba.

Malama Hauwa ta dubi ƙugun Hajara. Can ta ce, "Inna, a ba ni in gani."

"Ki gani dai daga waje."

"Buɗewa zan yi."

"Subhanallahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Laya ake buɗewa? So kike ki karya mata ita? Shekara shida tana tsare ta!"

"Inna, dubi abin da kika kawo min a kan jaki. Wannan ce wadda aka tsare?"

Gwaggo ta sauke ido ƙasa. Hajara kuwa ba ta jira izinin kowa ba. Ta sa hannu cikin zaninta, ta kwance igiyar, ta miƙa. Fatar ta yi baƙi ƙirin saboda gumi, gefenta ya goge. Da ta rabu da jikinta sai ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa.

Reza ɗaya Malama Hauwa ta ja a bakin ɗinkin. Ta warware zaren a hankali, ta fito da wani ɗan kati da aka ninke har sau takwas, ya yi ja, ninkin ya kusa tsagewa. Ta shimfiɗa shi a kan tebur ta karanta. Ta sake karantawa, leɓenta yana motsi. Hajara tana kallonta, ta ga yadda fuskar nan mai tauri ta sauya.

"Malama, mutuwa zan yi?"

"Wa ya dangwala yatsa a nan?" in ji Malama Hauwa, tana nuna katin.

Ta ɗago kai ta dubi Gwaggo.

"Ina mijinta?"

"Yana gindin tsamiya wajen jaki," in ji Gwaggo.

"A kira shi."

*

Inuwa ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya tsuguna. Mutum ne mai sanyi, irin waɗanda ko kaza ba sa kora da ƙarfi. Shekara goma sha ɗaya da aurensu Hajara ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

Idonsa ya sauka a kan tebur. Ya ga fatar a yanke, ya ga katin a buɗe.

Hajara ta ga lokacin da jikinsa ya mutu. Hular da ke hannunsa ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Tun kafin a ce komai ta san akwai abin da ya sani.

"Malam Inuwa," in ji Malama Hauwa, "yatsanka ne wannan?"

"Nawa ne."

"To kai za ka faɗa mata, ko ni?"

 Ya kalli Gwaggo, ya kalli ƙasa.

"Malam," Hajara ta yunƙura ta tashi zaune, tana dafe da mara. "Me za a faɗa min?"

"Hajara, ki yi min rai."

"Me za a faɗa min?"

"Akwai... akwai zobe a jikinki."

Ta dubi yatsunta. Wallahi yatsunta ta duba, baiwar Allah.

"Ba nan ba," in ji Malama Hauwa, muryarta ta yi laushi. "A cikin mahaifarki. Ɗan zobe ne na wayar azurfa, bai fi na yatsa ba. Wasu likitocin Turawa suna sa wa mace shi don kada ciki ya shiga. An rubuta a nan an sa miki kwana biyu kafin a sallame ki."

"Cewa suka yi za su wanke min ciki."

"Ba wanki ba ne."

 Hajara ta ji maganar ta shiga kunnenta amma ta ƙi zama. Don kada ciki ya shiga. Ta maimaita a ranta sau uku kafin ta gane da ita ake.

"Ke nan ni ba juya ba ce?"

"Ban ga alama ba."

"Ba aljani ba ne? Ba baki ba ne?"

"Zobe ne, Hajara."

Ta juya ga mijinta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam, ka sani?"

"Na sani."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Ka zauna kana kallona ina shan ɗaci shekara shida."

"Hajara..."

"Kai da ƙafarka ka raka ni wurin malamin Badafi. Kai ka riƙe min ƙwaryar rubutu ina sha, kana ce min sannu."

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar sunan ɗan Ubale ƙaninka, da na ɓuya bayan rumbu ina kuka, wa ya zo ya same ni? Me ka ce min? Faɗa mana, Gwaggo ta ji."

Ya rufe fuska da hannu.

"Ka ce in yi haƙuri, Allah ne bai kawo ba." Sai a nan muryarta ta karye. "Ka sa Allah a ciki, Malam. Na yi ta tashi cikin dare ina tambayar Ubangijina laifin me na yi, ashe amsar tana kwance kusa da ni tana minshari."

Gwaggo Delu ta fashe da salati, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inuwa! Ni ka bari na zama mahaukaciya? Ni ka bari ina yawon daji ina sassaƙo itatuwa, ina haɗa mata matsi?"

"Matsi?" Malama Hauwa ta juyo da sauri. "Da me?"

"Bagaruwa, da kanwa, da ɗan..."

"Daga yau a daina. Shi ya ƙara hura wutar."

Gwaggo ta zame daga kan benci ta zauna daɓas a ƙasa. Tausayi ta ba ni, wallahi. Duk abin da ta yi, don so ta yi shi.

*

"Ku bar ni in yi magana," in ji Inuwa. "In na gama, duk hukuncin da ta yanke na karɓa."

Ya share fuska da hannun riga.

"Hajara, ke ba ki ga abin da na gani ba, a sume kike. Ni na riƙe ki a bayan motar nan tun daga Riruwai. Jininki ya jiƙa min wando har ya taru a takalmina. Ina kiran sunanki ba kya amsawa. Da muka isa, wani ma'aikaci ya taɓa wuyanki ya ce a kawo mayafi. Mayafi, Hajara! Likita ne ya ture shi."

Hawaye ya zubo masa, bai damu da Gwaggo tana gani ba.

"Da kika farfaɗo, ya kira ni da tafinta. Ya ce mahaifarki ta wahala, in kika ƙara ɗaukar ciki nan kusa, in tanadi likkafani biyu. Ya ce akwai dabara, shekara ɗaya kawai, ki huta, in dawo da ke a cire. Na ce a tambaye ki. Tafinta ya ce ai ni ne miji. Na san in an tambaye ki ba za ki yarda ba. Na miƙa yatsa."

"Shekara ɗaya," in ji Hajara. "Sauran biyar ɗin fa?"

"Da shekarar ta cika mun dawo gida noma. Na gan ki kin yi ƙiba, kina daka kina waƙa. Na ce bari a ƙara damina ɗaya. Da ta wuce na ce a ƙara wata. Kullum na yi niyyar faɗa miki sai in tuna bayan motar nan. Daga baya na ji likitan ya koma ƙasarsu, sai na rasa ta inda zan fara."

"Da ciwo ya kama ni fa?"

"Wallahi tallahi ban haɗa shi da zoben ba. Ni aikin ƙarfe na yi, na san azurfa ba ta tsatsa. Na ce abin da ba ya tsatsa ba zai cuce ki ba."

Malama Hauwa ta ɗaga katin.

"Azurfa ba ta tsatsa, Malam, amma naman mutum yana gajiya. Ga shi nan a rubuce ƙasan yatsanka. A dawo da ita bayan shekara. In ta ji ciwon mara, ko zazzaɓi, ko jini ya rikice, ko ruwa mai wari, a kawo ta ba tare da jira ba. Duk abin da ya same ta an lissafa shi ɗaya bayan ɗaya."

"Tafinta bai karanta min wannan ba."

"Na yarda. Amma da katin yana hannu, ko malamin asibitin nan da ya karanta muku tun shekara huɗu da suka wuce."

"Ni na ɗinke," in ji Gwaggo daga ƙasa, kamar mai magana ita kaɗai. "Maganinta yana rubuce, ni na sa aka rufe shi da fata na ɗaura mata a ƙugu. Da hannuna."

"Ya isa, Gwaggo," in ji Hajara. "Ke ba ki sani ba. Shi ya ga kin ɗinke, ya ji daɗi."

Inuwa bai musa ba. Gaskiya ce, ranar da ya ga layar a ƙugunta ajiyar zuciya ya yi.

*

"To yanzu ku saurare ni," in ji Malama Hauwa. "Kuka ba zai fito da shi ba. Irin wannan zoben ba shi da zaren da za a kama a ja. Ni ba zan iya cire shi a nan ba, kuma kada wata ta ce za ta gwada a gida. Sai babban asibiti a birni. Za a ɗauki hoton cikin a ga inda yake, don in ya daɗe haka yakan nutse cikin nama. Likita zai sa 'yar siririyar ƙugiya ya ciro. Kafin nan zan yi mata allura saboda zazzaɓin. Akwai motar gyaɗa da za ta tashi bayan azahar, ni ma ita zan bi."

Inuwa ya miƙa babban yatsansa.

"Kawo takardar in dangwala. A cire."

"Mayar da yatsanka, Malam," in ji Hajara. "Ya yi aikinsa."

Malama Hauwa ta kalle ta, har ta ɗan yi murmushi.

"Dama ke zan tambaya. Kina so a cire?"

"Ko yanzu."

"To ku ba mu wuri, zan duba ta sosai. Inna, har ke."

Gwaggo ta miƙe da ƙyar. Inuwa ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, Hajara ta ƙi kallonsa. Haushinsa take ji har wuya, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta kasa tsanarsa.

Malama Hauwa ta saki labule, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa.

"Kwanta. Saki jikinki, ba zan ji miki ciwo ba."

Hajara ta runtse ido don kunya. Ta ji hannu yana danna mararta, a hankali, gefe da gefe. Sai hannun ya tsaya. Ya sake dannawa a wuri ɗaya. Ya daɗe a nan.

"Hajara."

"Na'am."

"Buɗe ido ki kalle ni. Yaushe rabonki da jini sosai, irin na al'ada? Ba ɗigon nan ba."

Hajara ta kau da kai.

"Ba Inna a nan, ba mijinki. Faɗa min."

"Tun ana noman farko."

"Wata uku ke nan. Kina amai?"

"Da safe. A bayan gida nake yi, in rufe da ƙasa."

"Don me kika ɓoye?"

"Sau nawa ina cewa ga shi, ya zama ba shi ba?" Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. "Na gaji da a yi min sannu. Na ce wannan karon ko zuciyata ba zan faɗa wa ba."

Malama Hauwa ta ja mata zani ta rufe ta, ta zauna a bakin benci. Wannan macen da ba ta iya zagaye ba, yau sai ga ta tana neman kalma.

"Zoben nan ba kullum yake tsarewa ba, balle wanda ya daɗe ya goce. Mahaifarki ta tasa, ta yi laushi. Ciki ne, Hajara."

Hajara ta ɗora tafin hannu a kan mararta. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta toshe baki kada a ji a waje.

"Alhamdulillahi. Alhamdu..."

"Tsaya, ban gama ba. Zoben yana ciki tare da shi."

"To a bar shi mana! A bar su tare har in haihu."

"Da ba ki da zazzaɓi, da likita yana iya cewa haka. Amma akwai ƙwayar cuta a ciki, ita ke ba ki zafin jikin nan. In aka sa ƙugiya, cikin yana iya biyo zoben. In aka bari cutar ta shiga jini, ke da shi duka za a rasa. Ba ni zan yanke ba, likita ne zai duba, amma ba zan yi miki ƙarya ba. An yi miki ta isa."

Daga waje aka ji motar gyaɗa ta yi ƙaho, sau biyu.

Hajara ta cafke wuyan hannun Malama Hauwa. Duk rashin jinin nan, riƙon ya yi ƙarfi har farce ya shiga fata.

"In Malam ya ji, zai ce a cire. Ko bai dangwala ba, zai durƙusa wa likita har sai an cire. Na san shi."

"Yana tsoron rasa ki ne."

"Shekara shida ya zaɓa min. Wannan nawa ne. Malama, don girman Allah kada ki faɗa masa. Ki ce ba ki ga komai ba. Ki ce allura ta isa, mu koma gida."

"Hajara, kin san me kike roƙo na?"

"Ki rantse."

Aka ɗan bubbuga ƙyauren. Inuwar ƙafafun mijinta ta bayyana a ƙarƙashin labule.

"Malama, direba ya ce mu fito." Muryar Inuwa ce. "Lafiya dai ko? Me kika gani?"

Malama Hauwa ta kalli labulen, ta kalli hannun da ke riƙe da ita.

"Malam Inuwa," ta ce, "shigo."